Rijiyar Ma'auni

A unguwar sama ba mai kiranta da sunanta. Mai Kwalabe ake ce mata, saboda duk zuwan da za ta yi sai ka gan ta rungume da akwatin ƙanƙara cike da fararen kwalabe masu lamba, ta ɗebi ruwa ta yi gaba. A ofishin kula da ruwan ƙasa kuwa Injiniya ake cewa, har masu furfura. Inna ce kaɗai ba ruwanta da wannan duka. Ita dai Auta ta haifa, Auta take kira, ko a gaban wa.

Aikin da aka ɗora wa Auta ba mai wuyar faɗi ba ne. Kamfanin haƙar ma'adinai ya kafu a gindin tudu, yana fasa dutse yana wanke shi, ruwan wankin yana taruwa a tafkunan da ya gina. Hukuma ta ce a sa masa iyaka: ga yawan gubar ƙarfen da ba za a yarda ruwan ƙasa ya wuce ba, ga kuma layin da za a ja a taswira. Duk gidan da ya faɗo cikin layi, kamfani ya ja masa famfo. Na wajen layi su ci gaba da shan rijiyoyinsu. To amma kafin ka ce ruwa ya lalace sai ka san yadda yake tun asali. Shi ya sa ake neman rijiya guda a can sama, inda ruwan kamfani ba zai hau ba, a riƙa gwada ta wata-wata. Ita ake kira rijiyar ma'auni, da ita ake auna sauran.

Da aka baje taswira ana neman irin wannan rijiya, yatsan Oga, shugaban sashensu, ya sauka daidai kan layin gidajen da aka haifi Auta. Ta yi dariya ta ce ai kuwa ba sai an wahala ba, akwai ta a tsakar gidansu, marigayi babanta ne ya sa aka haƙa, ruwanta ta sha ta girma.

Ranar da suka fara zuwa, Inna har bakin rijiyar ta wanke da sabulu. Oga ya karɓi kofi ya shanye, ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kai, Inna, wannan ruwa ai a ɗura shi a kwalba a kai kanti." Inna ta kare baki da hannu tana dariya, tana satar kallon 'yarta wadda ke durƙushe da safar hannu tana ɗiga magani a kwalba, manyan mutane suna tsaye suna jiran ta gama. Wallahi ranar ko kyautar gida aka yi wa Inna ba za ta kai haka farin ciki ba.

Da za su tafi, Auta ta dafa murfin rijiyar ta ce, "Inna, ki riƙe min ita da kyau fa. Aikina kaf a kanta yake tsaye. Ranar da ta faɗi, nima na faɗi."

Da wasa ta faɗa, kafin ta kai bakin mota ma ta manta. Ina ma harshenta ya sarƙe a ranar.

In rijiyoyin gwajin da ke hannun kamfani za ta duba, Auta ba ta taɓa sanar da mutanen kamfanin zuwanta ba. Dira kawai take yi, don ta san halinsu, ba ta yarda da ko murmushinsu ba. Amma wa zai faɗo wa uwarsa gida da baƙi babu sanarwa? Don haka duk wata, ana gobe za ta zo, sai ta ɗaga waya: "Inna, gobe muna tafe." Inna ta ce, "Allah ya kawo ku lafiya." Washegari ta tarar da tsakar gida fes, guga a wanke, ruwa garau. Ta ɗiba, ta sha, ta ci abin da aka ajiye mata, ta koma birni. Sakamako kuma ya fito tas, wata bayan wata, har a ofis ana tsokanarta cewa rijiyar gidansu ta fi ta ƙwazo.

Da wannan ta ja layinta a taswira da jan alƙalami, ya ratsa ta ƙasan unguwarsu. Mutanen gindin tudu suka samu famfo, na sama ba su samu ba. Matan unguwa suka fara gunaguni, wai Mai Kwalabe ta hana su famfo don ta yi suna, alhali ruwan rijiyoyinsu yana ɓata musu farin wanki. Da maganar ta kai kunnen Auta sai ta ce jar ƙasa ce, haka take yi da damina. Inna kuwa duk wadda ta kawo mata wannan zance sai ta wanke ta tas. "Ke kika yi karatun ko ita?"

Sai ƙafafun Inna suka fara kumbura.

Da farko aka ce tsufa ne. Sai kasala, sai abinci ya ƙi shiga, sai fuska ta tashi da safe. Auta ta ɗauke ta zuwa babban asibiti, aka ɗebi jini aka yi hoto. Likitan, wani mutum mara son kwana-kwana, ya sa aka fitar da Inna baranda sannan ya ce, "Akwai gubar dalma a jinin mahaifiyarki, kuma ba jiya ta fara shiga ba. Ƙodarta ta gaji. In kuka gano ta inda take shiga kuka toshe yanzu, abin da ya rage na ƙodar zai iya riƙe ta. In ba haka ba, ni dai na faɗa miki." Ya ɗago ya dube ta. "Wane ruwa take sha?"

Auta har ta ɗan ji haushi. Ta ce, "Likita, bar batun ruwa. Ni nake gwada shi da hannuna. Duk yankin nan babu mai kyansa."

Likita ya ce to madalla, ta nemi wani abin, kuma a riƙa ba ta ruwa sosai.

Aikuwa ta nema. Ta juye gidan Inna kamar mai neman allura. Ta kwashe tsofaffin tukwane, ta kankare fentin bango ta zuba a leda, ta tattara jiƙe-jiƙen da maƙwabta ke kawowa, har kwallin ido ba ta bari ba. Ta buɗe butar shayi ta ga cikinta ya yi ja, ta ce yauwa, ga ɓarauniyar, ta jefa ta a buhu ta sayo sabuwa. Inna tana zaune tana kallonta, ta ce, "Ke dai ki haɗa da ni ki kai ɗakin gwajin naku, mu huta."

Aka gwada komai, ba a samu abin kirki ba. Auta ta sayo wani ƙaton jug mai murfi, ta ja ruwa da kanta ta cika shi, ta ajiye a gefen gadon Inna. Ta ce, "Kullum ki shanye biyun wannan. Kada ki sha na kowa, kada ki sha na sayarwa, ban san inda suke ɗebowa ba. Namu za ki sha." Kullum da safe kuma sai ta bugo waya daga birni ta tambaya, "Kin sha ruwan?" Inna ta ce ta sha. Kuma ba ƙarya take yi ba, sha take yi, tana yamutsa fuska tana haɗiyewa, saboda Auta ce ta ce.

Jiki dai sai ƙara lalacewa yake.

Ana cikin haka lokacin rattaba hannu ya zo. Kwamiti zai zauna ya tabbatar da iyakar da layin, saura ɗiba ɗaya ta ƙarshe daga rijiyar ma'auni. Da safe Auta ta buga waya kamar kullum ta ce gobe suna tafe. Can da rana Oga ya leƙo ya ce motar ofis gobe tana da wata tafiya, in za ta je ta je yau. Ta kira Inna don ta sanar da ita, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta ɗauki akwatinta suka kama hanya.

Tun daga kan kwana direba ya taka birki, saboda wata tankar ruwa ta tare layin. Auta ta sauko da ƙafa. Wani baƙin tiyo mai kauri ya fito daga bayan tankar, ya bi gefen kwata, ya haura dokin ƙofar gidansu. Ta bi shi da ido, ta bi shi da ƙafa, har tsakar gida. Bakinsa yana cikin rijiya, ruwa yana zuba da ƙara. A gefe ga ƙaramin injin jan ruwa, ga tsakar gida ta jiƙe da wani ruwa ja-ja da ya gangara gindin bishiyar lemo. Inna tana kan kujera, ƙafafunta a kumbure kamar an hura, tana nuni da sanda tana cewa, "Ka ɗan ɗaga shi, kada ya tayar da laka."

Mai tankar ne ya fara ganinta. Ya washe baki ya ce, "A'a, ranki ya daɗe, yau kin riga mu! Ai da kin ɗan jinkirta da kin tarar mun gama."

"Gama me?"

"Cikon mana. Ai haka muke yi duk wata. Ana gobe za ki zo, Inna ta aiko, mu zuƙe na ciki mu zuba mata mai kyau. Daga famfon birni nake ɗaukowa, ba na kawo mata na banza."

Auta ta ji akwatin ya yi mata nauyi. Ta ajiye shi a ƙasa. Ta ce, "Tun yaushe?"

Mutumin ya sosa ƙeya, ya dubi Inna, ya ga yadda ta sunkuyar da kai, murmushinsa ya koma ciki. Ya ce, "An kwana biyu gaskiya. Damina biyu ke nan, ko fiye."

"Kashe ruwan nan."

Ya fita da sauri. Ƙarar ta tsaya. Tsakar gida ta yi tsit, sai ɗigar tiyo.

Auta ta durƙusa gaban uwarta. Da kyar ta ce, "Inna, me kika yi?"

"Ba ke kika ce gobe ba?" Inna ta faɗa, kamar laifin a nan yake. "Da kin zo goben ai da ba ki ga wannan kaca-kacar ba."

"Inna, me ya sa?"

Tsohuwar ta juya sandar a hannunta. Ta ce, "Ta fara canja launi ne. Sai ɗan ɗaci, kamar ka tsotsi ƙusa. Na sa aka yashe ta, ta dawo haka. Na ce tsufa ne, rijiyar ta girme ki. To in bar ki ki zo da manyan mutane ku ja guga, ya fito haka? A ce uwar Injiniya ko rijiyarta ta kasa tsaftacewa? Ke da bakinki kika ce in riƙe miki ita. Kika ce ranar da ta faɗi kin faɗi."

"Wasa nake yi, Inna!"

"To ni ban ji wasa ba. Na ga yadda suke tsayawa suna jiranki."

Auta ta kama gwiwoyin uwarta, ta ji yatsunta sun nutse cikin kumburin. Ta ce, "To da kika san ya lalace, don me kike sha? Don me ba ki sha na tankar ba?"

"Na tankar ai kwana biyu yake yi, na ƙasa ya taso ya cinye shi." Inna ta dube ta da idanun da babu ko ɗigon wayo a cikinsu. "Kuma wa ya ce ya lalace? Launi ne kawai na gyara. Ke kika gwada, kika ce babu komai a ciki. Duk wata sai kin faɗa min. Ni kuma in ƙi yarda da ke in yarda da wa?"

Nan ne Auta ta fashe. Kuka take yi irin na yarinta, baki buɗe, goshinta kan cinyar Inna. Direba da ya leƙo ya ga abin da ake ciki ya koma da baya. Inna kuwa sai shafa kanta take tana cewa, "Yi shiru, ba wanda zai sani. Yaron nan mai tanka ba shi da surutu." Har a lokacin, abin da take tsoro ke nan. Kaico!

Auta ta sa mai tankar ya zuƙe ruwan da ya zuba kaf, ta sallami direba, ta kwana a gida. Kafin ta kwanta ta ɗauke jug ɗin daga gefen gado ta kife shi a kwata, ta aika aka sayo ruwan roba. Da gari ya waye rijiya ta tara nata na gaskiya. Ta zura guga ta jawo. Ruwan ya fito da launin shayin da bai ji ganye ba, yana warin tsatsa. Ta cika kwalba, ta ɗiga magani, ta rubuta lamba. Ba ta buƙatar ɗakin gwaji ya gaya mata komai, amma ta kai.

Da sakamako ya fito, Oga ya rufe ƙofar ofis ya daɗe yana kallon takardar. Mutumin kirki ne, tausayinta ya ji. Ya ce, "Injiniya, kin san ƙa'ida ta yarda in ɗiba ɗaya ta yi hannun riga da sauran a ajiye ta gefe, a ce kuskure ne. Mu sa hannu, daga baya mu bi abin a hankali. Sunanki ne a kan duk na baya fa."

Ta ce, "Oga, wannan ɗayar ce kaɗai ruwan rijiya. Sauran duk ruwan famfon birni na yi ta gwadawa."

Haka ta maimaita a gaban kwamiti, a tsaye, ba ta rage komai ba sai abu guda: da aka tambaye ta wa ya zuba, ta ce mai gidan ce, tsohuwa ce, ba ta sani ba. Ba ta iya cewa uwata ba, alhali kowa a ɗakin ya sani. Ba a sa hannu ba. Aka turo masu bincike, suka gano sabon tafkin da kamfani ya gina a kafaɗar tudu yana tsiyaya ta wata tsaga a cikin dutse, tsagar kuma ta bi ta ƙarƙashin unguwar sama. Aka goge layin Auta aka ja wani, ya haɗiye unguwar gaba ɗaya. Aka fara haƙa ramin bututu a bakin ƙofofi. Matan da suka yi ta zaginta suka zo yi mata godiya, wannan godiya kuwa ta fi zagin ciwo.

Inna ba ta ga famfon ba. Kafin a kai ga ƙofarta ƙodar ta tsaya, aka kwantar da ita a ɗakin masu wankin ƙoda. Likita bai ce na faɗa miki ba. Da ma ya faɗa, ko ta samu wanda za ta ji haushi ban da kanta. Abin da ya ce kawai shi ne yanzu labari ya juya, jikin ba ya iya fitar da ruwa, don haka sai an ƙayyade mata. Nas ta kawo kofin roba ta nuna wani zane can ƙasa-ƙasa ta ce, "Iyakarta nan. Ko ta yi kuka kada ki wuce."

Auta ta ɗauki hutu ta tare a gefen gadon. Matar da ta yi wata da watanni tana cewa sha, ƙara sha, yanzu ita ce mai ɗaga kofi saitin ido tana rage abin da ya haura zane. Leɓɓan Inna suka bushe suka tsattsage. Takan ce, "Auta, ɗan ƙara min, ko maƙogwaro in jiƙa." Auta ta ce an hana. Inna ta ce, "Ruwan nasu ma ba shi da ɗanɗano. Ki kawo min namu." Auta ta juya fuska wajen taga. Ba ta gaya mata an zuba wa rijiyar duwatsu an shafe bakinta da siminti ba, an kuma sare lemon saboda shi ma ya sha.

Zuwa ƙarshe hankalin Inna ya fara tafiya yana dawowa. Wani lokaci ta ɗauki nas maƙwabciyarta ce, wani lokaci ta tambayi ko babansu ya dawo. Wata ranar da hantsi, Auta tana jiƙa auduga tana goga mata a leɓe, sai Inna ta buɗe ido tangararan, ta cafke wuyan hannunta da wani ƙarfi da ba a san tana da shi ba.

"Gobe ne za ku zo?"

Auta ta ajiye audugar.

"Ban aika wa mai tanka ba," Inna ta ce, tana ƙoƙarin tashi, tiyon hannunta yana jan ƙarfen da aka rataye shi. "Ina wayata? Za su zo su gan ta a haka. Za su yi miki dariya."

Auta ta mayar da ita kan matashi a hankali. Duk rayuwarta ta aiki ba ta taɓa faɗin sakamakon da ba shi ne ba da saninta. Ta share fuska da bayan hannu, ta sunkuya daidai kunnen uwarta.

"Mun riga mun je, Inna. Mun ɗiba."

"Ya fito?"

"Ya fito tas. Oga ma yana gaishe ki."

Inna ta saki hannunta, ta lumshe ido, fuskarta ta sake. Ta ce, "To alhamdulillahi. Da ma ban so in ba ki kunya ba."